Yadda ake wanke murhun itanol da kula da shi a gida

Duk wanda ya taɓa cin sanyin Disamba a gidan haya a Ingila, Jamus ko Faransa zai iya sanin irin murhun nan. Akwati ne na ƙarfe da gilashi, wani a kafe a bango, wani a girke a ƙasa, wuta na ci a cikinsa ba itace, ba gawayi, ba bututun hayaƙi. Man da yake sha shi ne itanol, wanda ake samu daga rake, masara, alkama ko rogo bayan an tsima su an tace. Sinadarin nan ne da ke cikin yawancin man goge hannu da aka yi ta shafawa lokacin korona, sai dai na murhu ya fi ƙarfi, yawanci kashi 95 cikin 100 zuwa sama, kuma an zuba masa wani abu mai ɗaci don kada a sha.

Masu sayar da shi sukan ce ba toka, ba hayaƙi, ba wahala. Toka kam babu, wannan gaskiya ne. Amma rashin tokar shi ke sa mutane sakaci, a yi wata uku ana kunna wuta ba a taɓa ɗaga tankin an leƙa ƙarƙashinsa ba. A wurina wanke wannan murhu ba don ya yi ƙyalli ba ne kawai. Lokacin wankin ne ake ganin tsagewa, yoyo da murfin da ya daina rufuwa, kuma waɗannan su ne ke haddasa gobara.

Kafin ka taɓa komai

Abu na farko, wutar ta mutu kuma ƙarfen ya huce sarai. Harshen wutar itanol shuɗi ne idan ya yi ƙasa, da rana ma da ƙyar ake ganinsa, don haka kada ka ce ai ba ka ga wuta ba. Ja murfin tankin da sandar ƙarfen da ta zo da murhun, ka rufe bakin gaba ɗaya. Kamfanoni da yawa suna cewa a jira aƙalla minti 15 kafin a ƙara mai, wasu sun fi haka. Don wanki kuwa ni ina ganin a bari ya kwana, a yi aikin da safe, hankali kwance.

Abu na biyu, tankin ya zama babu mai a ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka auna daren da za ka yi wanki washegari, ka zuba mai kaɗan, ka bar shi ya cinye da kansa kana zaune a wurin. Idan saura ya rage a tanki irin wanda cikinsa fayau yake, ba auduga mai shanye mai, to bayan ya huce ka juye shi da mazurari cikin kwalbarsa ta asali, a waje ko kusa da taga a buɗe. Kada ka zuba shi a wurin wanke-wanke ko a masai, domin tururinsa ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa ya taru, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Sai ka buɗe taga, ka kashe kyandir da turaren wuta idan akwai, mai shan sigari ya fita. Shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa. Kayan aikin ba su da yawa: tsumma mai laushi guda uku, ɗaya na wanki, ɗaya na ɗauraya, ɗaya na busarwa, ruwan ɗumi a roba, sabulun wanke-wanke na ruwa, tsohon buroshin haƙori, ruwan kal, ɗan bekin soda, safar hannu ta roba, da tocila.

Abubuwa uku kuma kada su zo kusa. Soson ƙarfe yana karce tankin, ya bar ƙananan ɓurɓushin ƙarfe da za su yi tsatsa a jikinsa. Bilic yana cin ƙarfen da ba ya tsatsa, ya yi masa ƙananan ramuka. Sai man fesa irin na sassauta noti ko na sa kujera ƙyalli, wanda shi kansa yana kama wuta, kuma zai cika ɗaki da wari da zarar ƙarfen ya yi zafi.

Tankin wuta

Nan ne aikin yake. Cire gilashin gaba idan mai cirewa ne, ka jingine shi a kan tawul. Kwashe duwatsun ado da itatuwan tangaran. Sannan ka ɗaga tankin a tsaye, kada ka karkata shi. A yawancin murhu masu kyau tankin yana zaune ne cikin wani faranti mai zurfi, wanda aikinsa tare man da ya zube ko ya tsiyaya. Kafin ka goge wannan farantin, haska shi da tocila. Idan ka ga danshi, ko wani zobe mai danƙo da ya bushe a ƙasansa, to ko dai kana cika mai yana malala, ko tankin yana yoyo. Sai ka gano wanne ne kafin ka sake kunna wuta.

Yanzu leƙa cikin tankin, domin iri biyu ne kuma ba a wanke su iri ɗaya.

Akwai wanda cikinsa fayau yake, ko yana da wasu farantan ƙarfe masu huji da ake zarewa. Wannan ana wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu. Zare farantan, jiƙa komai na kamar minti 10, sa buroshin haƙori ka bi lunguna da hanyar da murfi ke zamewa. Danƙon da za ka ga yana fita saura ne na abubuwan da aka gauraya wa man, haɗe da ƙura, kuma shi ne ke kawo warin da mutane kan ɗora wa man laifinsa. Ɗauraye sosai har santsin sabulu ya tafi. Tun da yana hannunka, yi masa gwajin yoyo: goge bayansa ya bushe ƙarau, cika shi da ruwa zuwa layin iyaka, ɗora shi a kan busasshiyar jarida na rabin awa. Ɗigo ɗaya a takardar ya isa hujja. Tankin da ya tsage ba a like shi da gam, ba a kai shi wurin mai walda a ce ya ɗan taɓa. Sabo ake saya, kuma na kamfanin da ya ƙera murhun.

Iri na biyu shi ne mai farar auduga ta tangaran a ciki, wani kuma dutse ne mai shan ruwa. Aikin audugar riƙe man, don ko tankin ya girgiza kada ya fantsama, kuma tana sa wutar ta ci daidai. Wannan ba a tsoma shi a ruwa, ba a zuba masa sabulu. Idan audugar ta sha ruwa, man da za ka zuba gaba zai gauraye da shi, wutar ta ƙi kamawa ko ta riƙa tsartuwa. Bayansa da bakinsa kawai za ka goge da tsumman da ka matse sosai. Idan gashi ko ƙura sun faɗa kan audugar, tsince su a hankali da hantsaki. Kada ka hura da baki, kada ka yi ta tona ta, domin ƙurarta tana sa ƙaiƙayi a fata da maƙogwaro. Ta ɗan yi duhu a sama ba komai. Amma in ta taurare, ta fara marmashewa, ko ta shanye ta bar fili a gefe, lokacin sauya ta ya yi. Sa safar hannu da takunkumi, ka cusa sabuwa irin wadda kamfanin ya amince da ita. Audugar katifa ko ta asibiti ba ta maye gurbinta, ƙonewa za ta yi. Wasu tankunan a rufe suke ba a buɗe su, irin waɗannan gaba ɗaya ake sauyawa. Gwajin yoyonsu kuwa shi ne farantin ƙasa: shimfiɗa takarda a ƙarƙashin tankin mai sanyi bayan ka zuba mai, jira, ɗaga ka duba, ka cire takardar kafin ka kunna.

Saman tankin zai canza launi, ya koma ruwan zinariya, wani wurin shuɗi-shuɗi. Zafi ne ya yi haka, ba lalacewa ba ce, kuma ko ka goge zai dawo. Baƙin da ke bakin wuta ne ya kamata ya fita. Kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ya yi kauri, shafa, bar shi minti kaɗan, sannan ka goge. Idan ka karkata ƙarfen a haske za ka ga wasu siraran layuka duk sun nufi gefe ɗaya. Bi su da tsumman, kada ka yi ta zagaye, in ba haka ba saman zai dushe.

Murfin nan mai zamewa shi ne abin kashe wutarka, don haka ba shi lokacinsa. Tura shi gaba da baya da sandarsa. Ya kamata ya tafi sumul ya rufe ba tare da barin ko siririn fili ba. Idan yana cijewa, datti ne a hanyarsa, buroshi zai fitar. Idan kuwa zafi ya lanƙwasa shi har haske na wucewa ta gefe, wutar ba za ta mutu ba ranar da kake buƙatar ta mutu da sauri. Kada a kunna murhun sai an sauya shi.

Daga nan busarwa. Goge da busasshen tsumma, kife tankin a wuri mai iska na wasu awanni. Gaggawa a nan ita ke sa wuta ta yi ta fatsi-fatsi da daddare.

Gilashi da jikin murhu

Gilashi mai zafi ba ya son ruwan sanyi, zai iya fashewa, shi ya sa aka ce sai ya huce. Ruwan kal da ruwa rabi da rabi sun isa. Fesa a tsumma, ba a gilashin ba, don kada ya gangara cikin tanki. Bi gefunan da yatsa a hankali. Gilashin da ya ɓantare a kusurwa a sauya shi da irinsa mai jure zafi. Jikin murhu mai fenti ruwan sabulu kawai yake so. Inda itanol ya ɗiga a kan katako mai sheƙi a goge nan take, domin yana narkar da man katako ya bar farin tabo. Itatuwan tangaran a kaɗe su da busasshen buroshi. Duwatsu a wanke, amma su bushe sosai kafin su koma kusa da zafi. Murhun bango kuma a kama shi da hannu biyu a ɗan girgiza, a ƙara ɗaure duk notin da ya saki.

Wajen mayar da kayan ado, kada ko ɗaya ya hau kan bakin tankin. A gefe ake jera su. Duk abin da harshen wuta ke lasa zai yi baƙi, ya hana man ƙonewa yadda ya kamata.

Abin da wutar ke gaya maka

Lafiyayyar wuta takan fara ƙarama kuma shuɗiya, sai bayan minti 10 zuwa 15 da ƙarfen ya yi zafi ta miƙe ta yi ruwan ɗorawa. Ɗan wari lokacin kunnawa da lokacin kashewa ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne wari mai ɗorewa, baƙin hayaƙi a gilashi ko a bango, ido na yaji, ko kai na sarawa. Idan ka ga haka, kashe, buɗe taga, ka bi dalilan ɗaya bayan ɗaya: tankin ya yi datti, wani abu ya tare bakin wuta, man ba mai kyau ba ne, ko ɗakin ya rasa iska. Wutar da ta ƙi tashi ko take mutuwa da wuri yawanci man da ya kwana a buɗe ne. Itanol yana jan danshi daga iska, ƙarfinsa ya ragu. Wutar da ke kaɗawa gefe ɗaya kuwa iska ce ke bugunta daga ƙofa ko fanka, kuma hakan na iya kai harshenta ga labule. Bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakanin murhu da labule, kujera ko shanyar kaya.

Zuba mai

Mafi munin ƙunar da wannan murhu ke jawowa a wurin ƙara mai ne. Itanol yana fitar da tururin da zai kama wuta tun daga zafin digiri 13 a ma'aunin Salshiyos, wato ko a ɗaki mai sanyi a shirye yake. Idan aka tsiyaya shi a kan ƙarfe mai zafi, ko a kan wutar da ido bai gani ba, wutar takan bi tsiyayar ta shiga kwalbar, ta feso waje kamar an harba ta, ta sami wanda ke zaune a gaba, sau da yawa ma ba mai zubawar ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake hana yara ƙara kalanzir a fitila tana ci ya san dokar, sai dai itanol ya fi kalanzir saurin kamawa nesa ba kusa ba. Irin wannan haɗari ne ya sa Ostireliya ta kafa doka a 2017: murhun da ba a kafe yake ba sai nauyinsa ya kai kilo 8, kuma sai ya zo da mazubin mai mai ragar da ke hana wuta komawa ciki, ko famfon da ke zuba man da kansa. A Turai kuwa akwai ƙa'idar EN 16647, kuma ya dace ka nemi wannan lamba a takardar murhun kafin ka saya. Ƙananan na kan tebur, marasa nauyi, masu arha a intanet, ni ba na ba kowa shawararsu, balle gidan da ke da yara.

Ga yadda ake yi. Tabbatar murfi a rufe yake tun da aka kashe, ka kai bayan hannunka kusa da ƙarfen ka ji babu ɗumi. Yara su matsa. Naɗe hannun riga, a ɗaure mayafi ko hijabi ta baya, mai babbar riga ya cire ta tukuna. Buɗe murfin, sa mazurari, zuba a hankali har layin iyaka. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam layin nan za ka bi, ko jug mai awo idan audugar ta ɓoye layin, gwargwadon abin da takardar murhun ta faɗa. Rufe kwalbar, kai ta wani ɗaki. Goge duk ɗigon da ya zuba, fitar da tsumman waje ya sha iska, wanke hannunka. Jira minti kaɗan tururin ya watse. Sannan ka kunna da laita mai dogon baki, hannu a miƙe, fuska a gefe. Ba a ɗaukar murhu yana ci, ko yana da mai a ciki.

Kada ka zuba wani abu in ba man da aka yi don murhun ba. Fetur, kalanzir, man goge hannu da turare duk ba su shiga tankin. Na ruwa da na kauri ma ba a musanya su.

Ajiye bargon kashe wuta ko tukunyar kashe gobara mai hoda a inda hannu zai kai ba sai an ratsa ta gaban murhun ba. Kada a watsa bokitin ruwa a kan man da ke ci, zai yaɗa shi a ƙasa. Wanda wuta ta kama tufafinsa ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna a tara ta a ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba man shanu, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai. Lambar gaggawa 999 ce a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai.

Iskar ɗaki

Tun da babu bututu, duk abin da wutar ta fitar a ɗakin yake zama. Lita ɗaya ta itanol idan ta ƙone tana ba da kusan kilo ɗaya da rabi na iskar kabon dayoksaid, da tururin ruwa da ya kusa cika lita. Shi ya sa tagogi ke yin raɓa, kuma a gidajen Ingila masu danshi wannan na iya ƙara baƙin funfuna a bango. Cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Braunschweig a Jamus ta gwada irin waɗannan murhu, ta kuma bayyana a 2014 cewa ban da kabon dayoksaid suna fitar da wasu gurɓatattun iska da ƙananan ƙura masu shiga huhu. Don haka a bar taga a ɗan buɗe, a duba girman ɗakin da kamfanin ya ƙayyade, kada a kunna a ɗakin kwana ko bayi, kada a yi barci a bar shi. A sa ƙararrawar da ke gano iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, a riƙa danna maɓallin gwajinta duk ranar wanki. Murhun nan na ado ne da ɗan ɗumi, zafinsa bai cika wuce kilowat 2 zuwa 3 ba, ba zai maye gurbin hitar gida ba. Mai haya kuma ya tambayi mai gidan kafin ya kawo shi, domin wasu yarjejeniyoyin haya sun hana wuta a fili.

Akwai kuma irin murhun masu aiki da lantarki, masu rimot da famfon mai. Su a cire su daga soket kafin a goge, ruwa kada ya shiga ramukansu, a share ƙurar da ke kan na'urorin jin zafi da busasshen buroshi mai laushi. Idan allonsu ya nuna matsala, ba a kwance su a gida.

Yaushe, da kuma ajiya

Mai kunnawa kullum ya goge gilashi da bakin tanki duk mako, ya yi cikakken wankin nan da gwajin yoyo sau ɗaya a wata. Mai kunnawa jefi-jefi, farkon sanyi da ƙarshensa sun ishe shi, amma ya riƙa leƙa farantin ƙasa kafin kowane zubi.

Man a bar shi a kwalbarsa mai tambari, a rufe ruf, a wuri mai sanyi, nesa da rana, hita da kicin, inda yaro ba zai kai ba. Kada a juye shi a gorar ruwa ko ta lemo, domin fari ne tas kamar ruwa. A sayi daidai buƙata, ba a tara jarkoki a gida ba.

Idan sanyi ya wuce, wajen Afrilu, bar man ƙarshe ya cinye, yi wankin gaba ɗaya, busar da tankin sosai, rufe murfinsa, ka lulluɓe murhun da zane saboda ƙura. Mai audugar tangaran a bar shi a buɗe kwana ɗaya a wuri mai iska, nesa da wuta, don sauran man ya fice kafin a rufe. Sandar murfi, mazurari da takardar kamfani a haɗa su a jaka ɗaya kusa da shi. Ranar da za a sake kunnawa a Oktoba, a kaɗe ƙura, a gwada murfin, a sake gwajin yoyo, a zuba rabin awo kawai, a zauna a kalli wutar har ta cinye kafin a koma cika shi zuwa layi.